Baƙuwar Suda

Aiken ba wani mai wuya ba ne. Da la'asar sakaliya Umma ta leƙo ɗakin Auta, hannunta duk kumfar wanke-wanke, ta ce ya tashi ya je shago ya taho da Babansu.

"Kafin rana ta faɗi na ce, Auta. Ba bayan ta faɗi ba."

"Na ji, Umma."

"Jin nan nasa ne ban yarda da shi ba," in ji Yaya daga tsakar gida, tana ɗaure igiyar farin takalminta. Ita ce mai ɗauko Baba kullum, sai ga shi an mayar da ita aikin yamma a asibiti. "Umma, duba wuyansa. Ya rataya abin nan ko?"

Ya rataya kuwa. Madubin hangen nesa ne, baƙi, duk fentin gefensa ya goge. Tun da ya dawo, ko ƙofar gida ba ya fita sai da shi.

"'Ya'yan mutane su je waje su dawo da mota," Yaya ta ci gaba, "namu ya dawo da sanin tsuntsu. Shekara da shekaru yana sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa, ko budurwa ɗaya bai sa wa a hannu ba. Ga Hausar ma ta karkace. Rannan fa ƙaton mai waldan nan ya kalla ya ce masa sannunki da aiki."

"Bakina ne ya suɓuce."

"Allah ya sa bakin ne kaɗai. Ni har yanzu ina tantama, ƙanina aka dawo mana da shi ko musanya aka yi."

Umma ta ce su bar shirme haka, rana na tafiya.

Baba kafinta ne. Da rana idonsa garau, yana hango tsagar katako da ba ta kai silin gashi ba. Amma dundumi ya kama shi. Da zarar haske ya fara ja da baya, duniya sai ta rufe masa kamar an kifa masa tukunya a ka. Shi ya sa kullum sai an je an taho da shi. Kuma ba ya yarda a riƙe masa hannu a gaban mutane, wai shi ba makaho ba ne. Sai dai mutum ya shige gaba yana magana, shi kuma yana bin murya a baya, jakar kayan aiki a kafaɗa, kai ka ce hira suke.

Shi kuwa Auta ya bar gida yana saurayi ɗanye da sunan karatu, ya ƙare a wata tashar nazarin tsuntsaye a bakin teku, inda ake kafa raga da asuba, a kama tsuntsu, a auna fiffike, a sa masa zobe, a sake shi. Da aikin ya ƙare ya dawo, ya tarar ɗakinsa ya yi masa kaɗan, garin ma haka. Ba ya iya zama wuri ɗaya. In ana hira, idonsa na kan wayar lantarki yana neman tsuntsu. 'Yan gida suna son sa, amma kallon da suke masa irin wanda ake yi wa kayan aro ne, ba a sakin jiki da shi.

Hanya biyu ce zuwa shagon. Akwai titi, mai zagaye da hayaƙin mota. Akwai ta gefen tsohon gidan bulo. Ta nan ya bi.

Gidan bulon ya daɗe da mutuwa. Injin ya yi tsatsa, an kwashe kwanon rumfa, an taɓa fara wani gini a ciki aka watsar tun yana tushe. Sarƙaƙiya ta cinye filin, ta haɗiye wayar shinge. Wurin na warin busasshen siminti da fitsarin awaki da tsohuwar tayar da aka ƙona.

A nan ya gan ta.

Suda ce, a kan reshe mafi tsawo, a tsaye ƙyam kamar mai gadi.

Ba wanda zai tsaya a hanya don suda. Tsuntsuwa ce mai surutu, har in mutum ya cika magana da sunanta ake masa tsiya. Amma masu aikin tsuntsu sun san ta fiye da haka. Ƙarama ce, bakinta kuwa lanƙwasasshe irin na shaho, da baƙin zane da ya ratsa idanunta kamar ɓarawo ya ɗaure fuska. In ta kama abu ba ta cinyewa nan take, sai ta tsire shi a ƙaya ta ajiye, kamar mahauci ya rataye nama.

Ta gida, wadda ake gani kullum, kanta ja ne kamar jar ƙasa, da farin tabo a kafaɗa. Wannan kuwa launin yashi ce tun daga kai har baya. Akwai wata danginta ta can gabas mai nisa, wadda hanyarta ba ta biyo nan ba sam, sai in iska ta ɓatar da ita lokacin ƙaura. Irinta ake kira baƙuwa. Mutum na iya tsufa a aikin bai taɓa ganin ɗaya ba.

Sai dai a nan ne mutane ke jin kunya. 'Ya'yan ta gida, kafin su yi gashin manya, su ma haka suke fari-fari, sun sha sa gwani ya yi shelar ƙarya. Don haka ba a gaggawa. Sai a duba kafaɗa, in da tabo ta gida ce. A duba wutsiya, ta baƙuwa ja ce. A duba inda bakin fiffike ya tsaya. Tsohon da ya koya masa aiki a tashar yakan ce, duk tsuntsu kana iya gane shi da kukansa, ban da suda. Ita kwaikwayon kowa take yi. Kar ka taɓa yarda da bakinta. Abin da ke jikinta shi ne shaida, in son samu ne ma a hannu.

Auta ya dubi rana. Da saura. Ya ɗaga madubin.

Masu aikin suna da wata ɗabi'a da ba wanda ya koya wa wani. Mutum yana leƙen tsuntsu yana masa raɗa, kamar yana jin sa. Auta bai ma san yana yi ba.

"Zo mana," ya ce a hankali.

Ta yi tsalle ta sauko reshen da ke kusa.

"Yauwa. Matso kaɗan."

Ta matso.

"Juyo nan."

Ta juyo. A kafaɗarta akwai ɗan fari, dishi-dishi. Ransa ya sosu. 'Yar ta gida ce ke nan, ya tsaya ɓata lokaci a banza.

"Da ba don farin nan ba," ya ce.

Ta girgiza jiki, gashin ya kwanta. Babu farin.

Ya sauke madubin, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya sake ɗagawa. Babu. Ya ce wa kansa haske ne ya yaudare shi, hakan na faruwa. Yana cikin son ganin wutsiya sai ta juya masa baya da kanta, ta baza ta. Ja ce jawur, ta ma fi ta cikin littafi ja.

"Tsaya," ya ce, yana laluben waya a aljihu. "Tsaya nan. Kar ki motsa."

Ba ta motsa ba. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

A nan ne wani abu ya fara sukar sa a rai. Shekarunsa a aikin bai taɓa ganin tsuntsun da ke ba mutum duk abin da ya roƙa ba. Kuma inda suda ta sauka, ƙananan tsuntsaye ba sa barin ta ta huta, sai su taru suna mata ihu har ta tashi. Nan kuwa tsit. Ko gyare babu. Ƙarar titi ma kamar an tura ta cikin rijiya.

Ya duba ƙasan reshen, ya ga ma'ajiyarta. Fara, a tsire a ƙaya. Ƙadangare. Ɓera, ƙafafunsa a sake. Duk ta maƙogwaro aka soke su. Can sama da su akwai wani abu busasshe mai gashi, mai kama da kunnen akuya.

Suda ba ta ɗaukar abin da ya fi ta nauyi haka.

Ya ɗauki hoto. Ya duba fuskar wayar. Ga ƙaya, ga sama, ga reshe. Babu tsuntsu. Reshen kuwa ya lanƙwasa har ya kusa taɓa wayar shinge, kamar an ɗora masa buhu.

Ya ɗago kai. Ta tafi.

Da a nan ya kama hanyarsa, da ya tarar da Baba yana kakkaɓe teburin aiki. Amma mai neman baƙuwa ba ya haƙura da gani ɗaya. Ya bi gefen shinge yana leƙe, daga wannan kurmin ƙaya zuwa wancan, madubi manne a ido. Madubin nan kuwa yana da wata yaudara, tattara haske yake. Ta cikinsa yamma kan yi kamar da saura alhali ta ƙare.

Da ya sauke shi, sai ya ga ko igiyar takalminsa ba ya gani sosai.

Ya sheƙa da gudu.

Shagon a buɗe yake, ƙwan lantarki na ci, ƙamshin garin katako ya cika wurin. Kujerar Baba ba kowa. Jakar kayan aiki ba ta kan ƙusarta. A maƙwabta mai walda na durƙushe yana haɗa ƙyauren ƙarfe, wuta na tartsatsi.

"A'a, sannunki-da-aiki," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Mantuwa ka yi?"

"Ina Baba?"

"Kai za a tambaya. Ba kai ka tafi da shi ba?"

"Yanzu na zo."

Mai walda ya kashe wuta, ya ture gilashin fuskarsa sama. "Kai yaro, da kunnena na ji ka. Daga bayan shago kake ta ce masa zo mana, zo mana. Har na ce masa, Kafinta, yaron nan ko sallama babu? Ya ce ƙyale shi, haka ya dawo."

"Ka gan ni?"

Mai walda ya miƙe tsaye. Ya dubi ƙafafun Auta, ya dubi fuskarsa, ya dubi madubin da ke wuyansa.

"Gilashi na fuskata," ya ce. "Amma murya taka ce. Kai dai ka tabbata ba ka shan komai?"

Auta ya juya. Ya ratsa cikin shagon. Ƙofar baya a buɗe, wadda Baba ba ya bi sai in zai zubar da shara. A garin katakon da ke ƙasa ga sawun takalminsa, ɗaya bayan ɗaya, gajeru, irin na mai bin murya.

Sawun mutum ɗaya ne.

Daga ƙofar wata 'yar siririyar hanya ce ta bi gefen lambatu har inda katangar gidan bulo ta rushe. Auta ya kunna fitilar waya. Ta yi haske, ta yi ja, ta mutu. Ya tsallake buraguzan bulo ya shiga filin.

Ƙaya ta kama masa wando. Ya fizge.

Warin ya sauya. Yanzu na jiƙaƙƙen gashin tsuntsu ne, da na naman da ya kwana a rana.

Sai ya ji.

"Zo mana."

Ya tsaya cak. Mutum bai saba jin muryarsa daga waje ba. Tasa ce, da ɗan karkacewar da Yaya ke masa tsiya a kai, da raɗar, da komai.

"Yauwa. Matso kaɗan."

Sai muryar Baba, a gajiye. "Auta, jira ni mana. Wace irin hanya ce wannan ka biyo da ni?"

"Juyo nan."

Auta ya kutsa cikin sarƙaƙiyar, hannu a fuska. Ya ɓullo wani sarari. A sauran hasken da ya rage ya hango farar hular Baba.

Gaban Baba rami ne, tushen ginin da aka watsar. A ƙasansa rodi ne a tsaye reras, tsinin na kallon sama. Ba duka ne babu komai a kai ba. Wani na ɗauke da abu mai ƙafa huɗu, busasshe. Wani da abin da Auta bai so ya gane ba.

Tsakanin Baba da bakin ramin bai wuce taku kaɗan ba.

A hayin ramin, kan wani guntun ginshiƙi, tana zaune. Ƙarama, launin yashi. Amma duhun da ke bayanta ya fi sauran duhu kauri, ya kai tsawon mutum ya wuce, kuma in ta juya kai shi ma yana juyawa.

"Matso kaɗan."

Baba ya ɗaga ƙafa.

"Baba!"

Ihun ya fita kafin ya yi tunani. Baba ya daskare, ƙafa a sama. Ya mayar da ita inda take.

Tsuntsuwar ta karkata kai, kamar mai ɗanɗana abu.

"Baba," ta ce.

Ɗazu ba ta da wannan kalmar. Auta ne ya ba ta.

"Baba, ni ne. Kar ka bi shi, rami ne a gabanka," in ji Auta.

Daga hayi, da murya ɗaya, ba ko numfashi a tsakani: "Baba, ni ne. Kar ka bi shi. Matso kaɗan."

Baba ya juya kai hagu, ya juya dama. Leɓunansa na motsi, yana neman tsari. Hannunsa ya shiga jaka ya fito da guduma.

"Wanne ne a cikinku?" ya ce, ƙasa-ƙasa.

"Ni ne," in ji Auta.

"Ni ne," in ji hayin rami.

"Duk wanda ya matso ni sai na fasa masa kai."

Ya ja da baya taku ɗaya. Amma juye-juyen ya rikita shi, bayan nasa yanzu gefen ramin ne. Ƙasa ta zube daga ƙarƙashin dunduniyarsa. Auta ya ji saukar tsakuwa a kan ƙarfe.

Ya buɗe baki zai yi magana, ya rufe.

Duk abin da ya faɗa nata ne. In ya rantse, za ta rantse. In ya yi kuka, za ta yi.

Kar ka yarda da bakinta. A hannu.

Ya cire madubin ya ajiye. Ya durƙusa. Ya fara rarrafe.

Ƙaya na shiga tafinsa. Bai yi ko tsaki ba.

"Zo mana, Baba," in ji ta. "Da ba don farin nan ba."

Baba ya kai hannu ya taɓa hularsa.

"Yauwa. Tsaya nan. Kar ki motsa."

Duhun da ke bayanta ya miƙe. Ya fara ƙetaro ramin, ba ƙara, ba iska. Warin ya yi ƙarfi.

Auta ya ji ƙamshin garin katako a jikin rigar Baba. Ya miƙe.

Gudumar ta same shi a kafaɗa. Wuta ta tashi a idonsa. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini, bai bari sauti ya fita ba.

Ya cafke wuyan hannun Baba. Tsohon ya fizga, dukansu suka yi tangal-tangal a bakin ramin.

Ya tura babban yatsansa na hagu cikin tafin Baba.

Yana ƙarami ya taɓa wasa da zarto a shagon, ya zaftare gefen yatsan. Baba ne ya ɗaure shi da tsumma, ya goya shi har asibiti yana masa faɗa. Wurin ya warke da ɗan rami, farcen kuma bai ƙara fitowa daidai ba.

Yatsun kafinta suka bi gefen. Suka tsaya a ramin. Suka shafa farcen.

Gudumar ta faɗi ƙasa.

Baba bai ce komai ba. Ya damƙe yatsan.

Auta ya ja shi. Suka juya wa ramin baya.

Wani abu ya wuce ta saman kansu, mai faɗi, ya ɗauke hular.

Ba su tsaya ba.

Ƙaya. Bulo. Ƙaya. Numfashin Baba a bayansa.

Sai daga can baya, nesa, wajen ramin, muryar Baba, a gajiye:

"Auta, jira ni mana."

Auta ya dakata.

"Auta. Wanne ne a cikinku?"

Hannun da ke riƙe da yatsansa sanyi ƙalau. Wanda ke bayansa bai yi magana ba tun ɗazu.

In ya juya, ba zai ga komai ba a duhun nan. In ya tambaya, duka biyun za su amsa.

Ya juya nasa hannun a hankali, ya shafa tafin. Kantar riƙon kayan aiki a gindin kowane yatsa. Tsohon tabon ƙusa a tsakiya. Ɗan yatsan da ya karye ya haɗe a karkace.

Ya ƙara damƙewa, ya ci gaba.

Muryar ta bi su har inda katanga ta rushe. Wani lokaci tasa, wani lokaci ta Baba. A bakin lambatu ta tsaya.

Sai da suka shiga hasken ƙwan shago Auta ya waiwaya. Baba ne, kai ba hula, fuska duk karce, idanu a buɗe ba sa ganin komai. Mai walda na tsaye da guntun ƙarfe a hannu, yana kallon wannan yana kallon wancan, bai matso ba.

Ranar ce ta farko da Baba ya ratsa titi ana riƙe da hannunsa.

Da safe Yaya ta duba kafaɗar, ta ce ƙashi bai karye ba, tsohon ya fara rasa ƙarfi. Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta yi ba. Baba na zaune a kan tabarma da kofin shayi, ya daɗe bai kurɓa ba.

"Na ji kalmar 'ki' ɗin nan tun a bayan shago," ya ce. "Kar ki motsa. Na ce a raina, ikon Allah, yaron nan Hausarsa ta ƙarasa lalacewa. Da wani ne ya ce min haka ai da ban taka ko ina ba."

Mai walda da wasu maza suka shiga filin da rana tsaka. Sun ga ramin, sun ga rodin da abin da ke kansu, suka zuba ƙasa suka rufe. Sun kawo madubin. Hular ba su gan ta ba. Tsuntsu kuwa, in ji su, sai na kullum.

Daga ranar Auta ba ya buɗe baki a waje in la'asar ta wuce. Ko gaishe shi aka yi sai dai ya ɗaga hannu. Unguwa ta ce girman kai ne na waɗanda suka zauna waje. Ya bar su a haka, ya fi masa sauƙi a kan ya ƙara wa sudar kalma. Yana zuwa shago tun rana na sama, ya zauna yana goge katako har a tashi. In zai taɓa Baba, yatsan yake fara miƙawa.

Ba kullum take zuwa ba. Wani lokaci sai a daɗe har a fara mantawa. Sai wata magariba, ana zaune a tsakar gida, a ji daga bayan katanga, a hankali, da ladabi: "Baba, ni ne. Zo mana." Kwanan baya ma ta gyara kuskurenta. Kar ka motsa take cewa yanzu.

Da lokacin ƙaurar tsuntsaye ya zagayo, aka kira Auta daga tashar. Sun samu aiki sabo, suna son sa, har da ɗaki mai kallon teku. Ya ce zai yi shawara. Kwana da kwanaki yana zagaye tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure.

"Ka tafi abinka," in ji Yaya. "An dawo da ni aikin safe, ni zan riƙa ɗauko shi. Kai ma ka san zaman nan ba ya yi maka. Ga waya, kullum sai ku gaisa."

Umma tana tsince shinkafa a faranti.

Baba ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton Auta yake. Rana ta riga ta faɗi, ya ɗan kauce, bango yake kallo.

"In ya kira a waya," ya ce, "wa zai miƙo min yatsan?"

Auta ya daina zagayen. Ya jawo kujera 'yar tsugunno, ya zauna a gefen tabarmar, ya sa hannunsa na hagu inda tsohon zai same shi.